Masu Goyo a Rumfar Ƙaro

Rumfar ƙaro ta Hajiya Kaltum tana unguwar Dala ta ƙasar Barebari, ba ta Kano ba, a ƙarshen wani layi da motar kaya ke shiga da ƙyar. Sunan rumfa ne kawai ya bi ta tun zamanin mahaifinta; yanzu dogon ɗaki ne na bulo mai rufin kwano, da sito a gabas, da ɗan ofis a yamma, da tsohuwar darbejiya a tsakar fili. A ciki mata suke zama bisa tabarmi daga hantsi zuwa la'asar, kowacce da faifai a cinyarta, suna tsintar ƙaro. Su fitar da ɓawon itace da tsakuwa, su ware farin ƙwallo daga ja, su kaɗe gari gefe guda. Daga dazukan ɗakwara ake kawo shi da dattinsa, daga hannunsu yake fita tas kamar an wanke, ya nufi Kano, ya nufi Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa Turai, inda ake zuba shi cikin alewa da lemon kwalba da magunguna.

Kaltum ba ta taso da niyyar ciniki ba. Malamar makaranta ce, ta daɗe tana koyar da darasin tattalin arziki a sakandaren 'yan mata kafin mahaifinta ya rasu ya bar mata rumfar. Ita ce ta buɗe ƙofa ga matan da rikici ya koro daga garuruwansu, waɗanda suka yi zaman sansani har aka rufe sansanonin suka watsu cikin unguwanni. Kusan rabinsu masu goyo ne. Jariri a baya, faifai a gaba. In ya yi kuka a juyo da shi a ba shi nono, hannu ɗaya na tallafe da shi, ɗaya na tsinta. Haka ake aikin tun ba a haifi Kaltum ba, kuma ba ta taɓa ganin abin magana a ciki ba, sai ranar da Garzali ya zo da haruffansa.

Garzali wakili ne na kamfanin Kano da ke sayen kusan dukkan ƙaronta yana fitarwa waje. Mutum ne mai tsabta da fara'a, mai son a ji muryarsa. Tun daga bakin ƙofa ya fara, yana kaɗe takalminsa.

"Hajiya, duniya fa ta juya. Yanzu Bature ba kyawun ƙaro yake tambaya ba, ESG yake tambaya. Kin ji labarin CSRD? Kin ji CSDDD? Ga EUDR can ma tana tafe. Kwanan nan za su turo mai dubawa, ya ga kowa da idonsa, ya rubuta."

Hannayen mata suka tsaya a kan fayafayai. Ya Gambo, tsohuwar da ke shugabantar matan, wadda ta baro garinsu a gefen tafkin Chadi da ƙafa, ta ɗago kai tana ƙanƙance ido. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe.

"Afuno, yau kuma da wane yare ka zo mana? Na Kano ya ƙare ne?"

"Wannan yaren ya fi ƙarfinki, Ya Gambo. Sai wanda ya shiga jirgi."

"Jirgin ma ƙaronmu ya riga ka shiga. Ka ce za su rubuta kowa?"

"Kowa da kowa," in ji Garzali, ya wuce ofis yana dariya.

Kaltum ta ga yadda matan suka kalli juna, amma ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Ta bi baƙonta ciki. A nan, ƙarƙashin fankar da ke aiki da hasken rana, ya sassauta murya.

"Maganar gaskiya, Hajiya, yaran nan ne matsalar. In mai dubawa ya shigo ya ga yaro a wurin aiki, ko jariri ne, zai rubuta cewa ana bautar da yara. Shi ke nan, Turawa su yanke mu, mu kuma mu yanke ki. Ranar ki ba masu goyo hutu. Bayan ya tafi kuma, sannu a hankali, ki maye gurbinsu da waɗanda suka yaye ko waɗanda ba su haihu ba. Domin zuwan nan ba na rana ɗaya ba ne."

"Su masu goyon su ci me?"

"Allah ne mai ciyarwa."

"Shi ne kuwa," in ji Kaltum. "Amma ta ƙofar nan yake aiko musu, kai kuma kana ce mini in rufe ta."

Garzali ya ware hannuwa. "Ni saƙo aka ba ni."

"To ka bar mini sunayen dokokin. Zan karanta."

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Hajiya, ni da nake yawo da su a baki ban karanta su ba. Kowacce ta fi buhun ƙaro nauyi."

Ta karanta. Kullum in ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta zauna a kan sallayar da waya a hannu da tabarau a hanci, har rana ta haska tsakar gida. Turancin dokokin mai kauri ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi kafin ta tsaya, amma Kaltum ta saba warware wa ɗalibai abin da ya fi wannan cukurkuɗewa. A hankali haruffan suka fara zubar da kwarjininsu. ESG ba doka ba ce ma. Ma'auni ne mai ƙafa uku da masu zuba jari ke auna kamfani da shi: me ya yi wa muhalli, me ya yi wa mutane, yaya ake tafiyar da shi. CSRD dokar Tarayyar Turai ce da ta wajabta wa manyan kamfanoni su riƙa bayyana waɗannan abubuwa a rahotonsu na shekara. CSDDD ta fi ta haƙori: ta ce babban kamfani ya bi sawun kayan da yake saya, ya gano inda ake cutar da mutum ko ƙasa, ya gyara. EUDR kuwa ta sare daji ce, ta ambaci kayan da ta shafa, su koko da kofi da roba da katako da shanu, ba ta kira sunan ƙaro ba. Su kansu masu dokokin sun yi ta ɗage lokacin fara aiki da su, suna ragewa suna ƙarawa.

Abu biyu suka tsaya mata a rai. Na farko, ba a kan rumfa irin tata aka ɗora dokokin nan ba. A wuyan manyan can aka rataya su, su kuma suka sauke wa na ƙasa da su, na ƙasa ya sauke wa na ƙasa, har nauyin ya gangaro ya tsaya a bayan Rahmat, mai jegon da ke zama kusa da ƙofar sito, wadda duk rumfar babu mai saurin hannunta. Na biyu, ta nemi inda aka ce a kori mace don tana shayarwa, ba ta gani ba. Abin da ta gani shi ne kada a sa yara aiki, a kare lafiyar ma'aikaci, in kuma an sami aibi a gyara shi tare, janye hannu daga ciniki ya zama matakin ƙarshe.

Sai dai karatun bai ƙyale ta ita ma ba. Wata safiya ta tsaya a tsakiyar rumfa ta dubi abin da ido ya saba da shi har ya daina gani: garin ƙaro yana tashi daga rariya kamar hayaƙi, yana sauka a kan gashin jarirai, ɗan Rahmat yana tari, wani mai rarrafe ya nufi inda aka jibge buhuna. Ta yi istigfari a zuciyarta. Wannan kam gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito.

Ta kira Garzali a waya.

"Malam Garzali, na karanta. EUDR ka ajiye ta, ba ta san ƙaro ba. Sauran kuma babu wadda ta ce a sallami mai goyo."

"Hajiya, ni ba lauya ba ne. Abin da manya suka ce shi ne kada a ga yaro."

"Za a gani. Ba zan ɓoye kowa ba, ba kuma zan sallami kowa ba. Mai dubawa ya zo ya ga rumfata yadda take, ya faɗi abin da ya kamata a gyara, in gyara."

"Kina wasa da kakar bana gaba ɗaya."

"Na sani."

"Akwai masu ƙaro a Damaturu da Nguru da ba sa karanta doka."

"Allah ya ba su kasuwa," in ji ta, ta kashe wayar.

Ga matan kuwa magana ɗaya ta yi: baƙi za su zo ranar Laraba duba aiki, kowa ta zo kamar yadda ta saba. Ba ta yi musu bayanin haruffan ba. Ta ga kamar ɗora musu kayan da ba nasu ba ne.

Ranar Laraba tun daga bakin layi ta jiyo hayaniya. Da ta shiga sai ta tsaya cak. Filin ya cika. Matan da ta sani da laffaya masu kyau da lalle da ƙamshin turaren wuta, yau ga su cikin tsofaffin zannuwa, wata da yagaggen mayafi, wata ba takalmi. Kowacce da tarin yara a gindinta, har da waɗanda Kaltum ta tabbata na maƙwabta ne. Sun yi layi a jikin bango, dogon layi mai tsari, ba mai ture wata, kowacce riƙe da tsohon katinta na sansani cikin leda. Manyan yaran da tsayuwa ta isa kuwa sun shige rumfa, sun ɗauki fayafayan iyayensu, suna gasar wa zai fi tara farin ƙwallo.

A gaban layin Ya Gambo ce, ɗaure da wani zane da Kaltum ta sha gani a kan akurkin kajinta.

"Ya Gambo, mene ne wannan?"

"Wushe, sannu da zuwa, Hajiya. Ai mun shirya." Tsohuwar ta matso ta rage murya kamar mai tona asiri. "Ke ba ki zauna sansani ba, ba ki san su ba. Mu mun san masu haruffa. Duk wanda ya zo da farar mota da haruffa a jikin ƙofa, rajista ya zo yi. In ya gan ki da laffaya mai kyau, sai ya tsallake ki. In kin zo da ɗa ɗaya, kason ɗa ɗaya za ki samu. Waɗannan kuma kin ji yadda Afuno ya yi ta jero haruffansu ba numfashi? Ba ƙaramar ƙungiya ba ce, Hajiya."

Dariya da kuka suka taso wa Kaltum lokaci ɗaya. Kafin ta sami abin cewa aka yi ham a waje. Motar ta shigo a hankali, kuma fara ce. Layin ya ƙara miƙewa.

Garzali ne ya fara fitowa, murmushinsa ya daskare a fuska. Bayansa mai dubawa ya fito, wani dogon mutum mai suna Manasse, ɗan ƙasar Biu da ke aiki da wani kamfanin bincike a Abuja. Ya dubi layin, ya dubi yaran da ke cikin rumfa da fayafayai, ya sake duban layin.

Garzali ya ja Kaltum gefe, gumi na tsattsafo masa.

"Innalillahi! Hajiya, kin kashe mu. Saurara, mafita ɗaya ta rage. Ki ce yau ranar sadakarki ce, waɗannan mabarata ne suka zo karɓa, ma'aikata suna hutu. Dubi kayan jikinsu, wa zai musa?"

Kaltum ta dubi layin. Ta ga Rahmat da ɗanta a baya, ta sunkuyar da kai, ta miƙo katin gaba kaɗan yadda aka koya mata a can. Hannun nan da ke raba tsakuwa da ƙaro ba tare da ido ya duba ba, yau ga shi a miƙe yana jira. Kalmar mabarata da Garzali ya faɗa ta soke ta fiye da duk haruffansa. Ta gyara laffayarta, ta taka zuwa tsakiyar fili, ta ɗaga muryar da ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba tun barinta aji. Ta faɗa da Barbarci, sannan ta maimaita da Hausa domin baƙo ya ji.

"Ku mayar da katunan nan. Babu wanda ya zo ba ku komai yau. Wannan bawan Allah ba shinkafa ya kawo ba, aikinku ya zo gani. Waɗanda suka aiko shi su ne ke buƙatar abin da ke fita daga hannunku, ba ku ke buƙatar nasu ba. A gidan nan ba a yin layi. Ku ma'aikata ne, da guminku kuke ci. Duk wadda ta aro ɗan maƙwabciya, ta mayar mata da abinta yanzu."

Can daga tsakiyar layi wata ta ce, "Alhamdulillahi. Ni na Raudatu na aro, tun da safe yake cizona."

Dariya ta ɓarke, layin ya wargaje. Ya Gambo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tako har gaban Manasse ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ɗana, haruffan nan duka, ba ko sabulu?"

"Ba ko sabulu, Iya," in ji shi.

"Kai! An yi asarar haruffa."

Kaltum ta juyo gare shi. "Malam Manasse, sannu da zuwa. Waɗannan su ne ma'aikatana. Yau sun yi shigar da zaman sansani ya koya musu, domin ban yi musu bayanin ko wane ne kai ba. Manyan yaran da ka gani da faifai ba sa zuwa nan, ba na sa su aiki, ka tambayi duk wanda ka ga dama a unguwar. Amma jariran kullum suna nan a bayan uwayensu, cikin garin ƙaro. An ba ni shawara in ɓoye uwayen yau, in sallame su gobe. Na ƙi."

"Wa ya ba ki shawarar?"

Garzali ya yi gyaran murya. Kaltum ba ta ko dube shi ba.

"Wakilin mai sayen kayana. Ga shi nan tsaye."

"Haba, Hajiya!" in ji Garzali. "Haba, Hajiya, ai magana ce tsakaninmu!"

"Abincin matan nan ne a cikinta, ta wuce tsakaninmu."

Manasse ya yi magana a hankali. "Hajiya, na san irin layin da suka yi. Na yi aiki da masu farar mota kafin in koma wannan. Amma abin da idona ya gani shi zan rubuta. Na ga yara da faifai, na ga jarirai cikin ƙura. Ba zan ce ban gani ba."

"Ban roƙe ka ba. Ka rubuta duka, har da abin da kunnenka ya ji. Ka kuma gaya wa waɗanda suka aiko ka cewa na karanta dokarsu, ta ce a gyara tare. In gyaran da suka sani shi ne mace ta rasa abincinta don ta haihu, to su cire mutane daga ma'aunin nasu, su bar shi da ƙafa biyu, mu gani ko zai tsaya."

Manasse ya yini a rumfar. Ya zauna a gindin darbejiya yana kiran matan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da Kaltum na kusa ba. Ya leƙa sito, ya shafa rariya ya dubi yatsansa, ya tambayi inda ake shan ruwa. Garzali kuwa ya koma mota ya rufe gilashi, abincin da ta aika masa ma bai taɓa ba.

Ba a jima ba sakamako ya zo: an dakatar da sayen ƙaronta har sai ta raba jarirai da ƙura, an kuma dawo an gani. Garzali ya kira domin ya ce mata ai dama ya faɗa. Motocin da suka saba toshe layin suka nufi wani wurin. Buhuna suka taru a sito har suka kusa taɓa kwano, ga bazara ta kankama. Don kada tsinta ta tsaya, Kaltum ta riƙa sayar wa 'yan kasuwar gida a farashin da ba ta son tunawa. Danginta suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ce mata taurin kai ba jari ba ne, mahaifinta da yana raye da ya lallaɓa. Takan saurara har su gama, ta ba su ruwa, ta raka su ƙofa.

Gyaran kansa shi ne abin tunani. Ana buƙatar ɗaki mai ƙofa, nesa da rariya, mai sanyin da jariri zai iya barci. Gini ba zai yiwu a wannan hali ba, gindin bishiya kuma rana na cin sa da azahar. Ta zagaya filin ta sake zagayawa, sai ta tsaya a ƙofar ofishinta. Shi kaɗai ne ɗaki mai silin, mai fanka, mai raga a taga. A nan mahaifinta ya zauna, a nan ita ma take karɓar baƙi kamar mai kamfani. Ta kira masu ɗaukar buhuna ta ce su fitar da tebur da kabad.

"Ina za mu kai, Hajiya?"

"Gindin darbejiya."

Aka wanke ɗakin, aka shimfiɗa tabarmi da katifu, aka mayar da rariya can bayan sito. Saura mai raino. Idon Ya Gambo ya daɗe da fara ja baya, tana tsintar tsakuwa ta bar wata, kowa ya sani ba mai faɗa.

"Ni?" in ji ta. "Ni da ke shugabancin mata, a mayar da ni mai wanke kashi?"

"Shugabar ofis za ki zama, ladanki kuma yana nan yadda yake. Fanka ma taki ce."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi fankar na juyawa. "To, in fanka tawa ce, a kawo su."

Rannan kuma Kaltum ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ta tara matan a inuwa ta warware musu haruffan ɗaya ɗaya, yadda take yi wa ɗalibanta: wannan ma'auni ne, wannan dokar faɗin gaskiya ce, wannan ta bin sawu ce, wannan ta daji ce ba ruwanta da mu. Ta gaya musu abin da suke da ikon faɗa in an tambaye su, ko da a kanta ne.

"Wato," in ji Ya Gambo, "Bature ne ya ji kunyar shan alewa bai san hannun da ya tsince ta ba."

"Kusan haka."

"To ya zo ya gaishe mu mana. Sai ya turo Afuno?"

Daga Turai ba a zo gaisuwa ba. An dai ji cewa sun tambayi kamfanin Kano wa ya ce a sallami mata, kuma muryar Garzali ta ragu a waya. Abin da ya iso Dala shi ne kwalaye biyu na takunkumin hanci, da haruffa manya a jiki. Ya Gambo ta zagaya su tana gyaɗa kai.

"Kin gani, Hajiya? Na ce ba a rasa samun wani abu wurin masu haruffa."

Ranar da Manasse ya dawo, Kaltum ta sake cewa kowa ta zo kamar yadda ta saba, kuma wannan karon ma ba su bi maganarta ba. Sun zo cikin laffayar biki, ja da ruwan goro da shuɗi, hannuwa sun sha lalle, ƙamshin turare ya fito har layi ya tari motar. Kowacce ta zauna a tabarmarta, takunkumi a hanci, kai a sama. Kaltum ta dube su daga teburinta na gindin bishiya, inda ta danne takardu da dutse saboda iska.

Manasse ya gaishe ta ya tambayi ofis. Ta nuna masa da hannu. Ya leƙa ta taga: jarirai kwance reras ƙarƙashin fanka, Ya Gambo a kan tsohuwar kujerar Kaltum mai juyawa, tana jijjiga ɗaya a cinya. Ya daɗe a tagar. Sannan ya wuce bayan sito ya duba rariya, ya koma gindin bango ya sake kiran mata.

Garzali ya tsaya a gaban teburin, yana kaɗe ganyen da ya faɗo masa a hula.

"Hajiya, mai kamfani a gindin bishiya?"

"Daga nan na fi ganin motarka in ta shigo. Yaushe za ta shigo?"

Ya waiwaya ya dubi Manasse da ke dawowa.

"Daga wajena babu abin da ya hana," in ji Manasse.

Garzali ya sosa ƙeya. "Rabin odar bana fa ta riga ta tafi Nguru. Wannan ba ta dawowa."

"Ka kawo motar rabin."

Kuka ya tashi daga ofis, sai ga muryar Ya Gambo ta taga: "Rahmat! Maigidanki yana kira, kuma ba ya son jira!"

Rahmat ta ajiye faifanta a kan tabarma, ta sauke takunkumi, ta wanke hannu a bakin randa, ta ratsa fili ta gaban baƙin ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Wurinta kusa da ƙofar sito yana nan, faifan na jiranta, ba wadda ta matsa. Kaltum ta bi ta da kallo har ta shige, ta yi hamdala a hankali yadda ba wanda ya ji, sannan ta ciro makulli daga jaka ta ce a buɗe sito a fara fito da buhuna.